Alhassan Ɗantata da hanyar goro

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ɗan Madugu Abdullahi. A lokacin, ayarin goro daga Gwanja zuwa Kano yakan ratsa ta Jugu da Paraku, zangunanmu na cin albarkarsa. Shi kuwa sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Akra zuwa Ikko. Da dogo ya iso Kano, ya shiga sayen gyaɗa. A 1929 ya kai banki azurfa kayan raƙumi 20. Ya rasu a 1955, Allah ya jiƙansa.

To kun ga, in hanya ta kauce, kasuwa bin ta take yi. Majalisar 'yan kasuwarmu, tun rufe iyakar Nijar a 2023, wace hanya kuka nemo mana?