Richard Lander: Baturen da ya yi mako biyar a Yauri, ya dawo Kwara da jirgin ƙarfe mai suna Albarka

A ƙarshen watan Yunin 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, suka sauka daga kwale-kwale a bakin kogin Kwara, suka nufi Birnin Yauri, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Babban cikinsu, Richard Lander, yana da shekara 26. Ba soja ba ne, ba injiniya ba ne, bai ma yi karatu mai zurfi ba. Amma tafiyar da ya yi a wannan shekara ita ce ta jawo jirgin ruwa mai inji ya fara shiga Kwara bayan shekara biyu.

Daga yaron gida zuwa Sakkwato

An haifi Richard Lander ranar 8 ga Fabrairun 1804 a garin Truro da ke yankin Cornwall na ƙasar Ingila. Mahaifinsa mai gidan saukar baƙi ne. Tun yana yaro ya fara aikin barantaka a wurin masu hali, ya bi wani ɗan kasuwa zuwa tsibiran Karebiyan, daga baya kuma ya je Afirka ta Kudu a 1823.

A 1825 ya nemi aiki wurin Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ke shirin komawa Sakkwato karo na biyu don ganawa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sun sauka Badagiri a watan Disamba, suka ratsa ƙasar Yarbawa da Bargu, suka tsallake Kwara kusa da Busa, suka isa Kano a 1826. Sauran Turawan ayarin duk sun mutu tun a farkon tafiyar. A cikin ayarin akwai wani Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, tsohon ma'aikacin jirgin ruwan Ingila, shi ne tafintansu. A kan wannan hanya Lander ya koyi Hausa, har mutane suka laƙaba masa suna Nasara Ƙarami saboda gajartarsa.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Sun tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, don haka Sarkin Musulmi ya hana su wucewa da kyaututtukan da suka ɗauko wa Shehun Barno. Clapperton ya kwanta ciwo, Lander ya yi jinyarsa har ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827. Shi ya binne maigidansa, ya tattara takardunsa. Ya so ya bi ta kudu ya gano inda kogin ya nufa, amma mahayan Sarkin Zazzau suka tare shi suka mayar da shi Zariya. A Badagiri kuma aka zarge shi da leƙen asiri, aka ba shi guba ya sha don gwaji, ya tsira. Ya isa Ingila a 1828.

Abin da ya kawo shi Yauri

A wancan zamani masanan Turai sun daɗe suna gardama kan inda Kwara ke ƙarewa. Wasu na cewa yana haɗuwa da kogin Nilu, wasu na cewa a tafkin Chadi yake ɓacewa, wasu kuma sun ɗauka shi ne kogin Kwango. Mutanen da ke rayuwa a bakinsa ba su da wannan damuwa: Gungawa, Nufawa, Kakanda da sauransu kowa ya san nasa yanki, kaya kuma na wucewa daga hannu zuwa hannu har bakin teku. Turawa dai hanyar kasuwanci suke nema.

Gwamnatin Birtaniya ta tura Lander a 1830 da ɗan guzuri, ƙanensa John ya bi shi ba tare da albashi ba. Sun isa Busa ranar 17 ga Yuni. Kafin su gangara kudu sai suka fara hauro kogin zuwa Yauri, saboda an daɗe ana raɗe-raɗin cewa takardun Mungo Park suna hannun Sarkin Yauri. Park ya wuce Yauri a 1806 cikin jirginsa Joliba, wanda ya harhaɗa daga kwale-kwale biyu, ya kuma halaka a duwatsun Busa. A Busa an nuna wa 'yan'uwan wani littafin lissafin matuƙa jirgi da ya rage daga kayansa.

Tafiyar kwana huɗu daga Busa zuwa Yauri ta nuna musu wahalar wannan yanki na kogin: tsibirai, duwatsu a ƙarƙashin ruwa, da tudun yashi da ke sa matuƙa su sauka su tura jirgi da hannu. Ba don matuƙan yankin da suka san kowane lungu ba, da ba su kai ba.

A Birnin Yauri sun tarar da gari mai faffaɗar ganuwa, inda ake saƙa, ana haɗa albarushi da sirdi, ana noman shinkafa da albasa. Sarki ya karɓe su, amma ya ce babu wata takardar Park a wurinsa. Abin da suka samu shi ne wata bindiga mai baki biyu da aka ce tana cikin kyautar da Park ya bari. Sarki ya yi ta ɗaga ranar sallamarsu, guzurinsu na ƙarewa, har suka koma sayar da allurai da maɓallai don su ci abinci. Sai a farkon Agusta, bayan kusan mako biyar, suka samu izinin tafiya.

Gangarawa zuwa teku

Ranar 20 ga Satumba suka bar Busa cikin kwale-kwale masu yoyo. Sun wuce Raba da Egga, suka ga inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara a ƙarshen Oktoba. A farkon Nuwamba wasu jiragen yaƙi suka far musu, aka kwashe kayansu, wani ɓangare na rubuce-rubucensu ya nutse, aka kai su gaban Obi, sarkin Aboh. Wani attajirin Brass da ake kira King Boy ne ya fanshe su bisa alkawarin za a biya shi a bakin teku, amma kyaftin ɗin jirgin Ingilan da suka tarar ya ƙi biya. Duk da haka magana ta ƙare: rafukan da Turawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna sayen bayi da manja a bakinsu, su ne bakin Kwara.

Sun isa gida a Yunin 1831. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba Richard kyautarta ta farko, littafin tafiyarsu kuma ya fito a 1832.

Jirgin da aka ce zai nutse

Labarin ya ja hankalin wani matashi, Macgregor Laird, ɗan gidan masu ƙera jiragen ruwa a Birkenhead. Shi da wasu 'yan kasuwar Liverpool suka haɗa jari, suka ɗauki Lander ya zama jagora. Sun tanadi jirage biyu masu injin tururi. Babban, na katako, aka sa masa suna Quorra, wato Kwara. Ƙaramin kuma aka kira shi Alburkah, daga kalmar Hausa albarka.

Albarka shi ne sabon abu. Tsawonsa ƙafa 70, nauyinsa tan 55, an kuma ƙera gangar jikinsa da farantan ƙarfe. A lokacin mutane da yawa na ganin ƙarfe ba zai jure igiyar teku ba, wasu na tsoron zai rikita allurar nuna alƙibla. Laird ya dogara da wasu dalilai: jirgin ƙarfe ya fi na katako mai girmansa sauƙin nauyi, don haka ba ya nutsa sosai, abin da ake buƙata a kogi mai yashi, ba ya ruɓewa, tsutsar ruwa ba ta huda shi. Da ya bar Ingila a Yulin 1832 ya isa gaɓar Afirka ta Yamma lafiya, sai ya shiga tarihi a matsayin jirgin ƙarfe mai inji na farko da ya yi doguwar tafiya a teku.

A cikin kogi kuwa injin bai magance komai da komai ba. Da itace ake hura tukunyarsa, don haka ana ɓata kwanaki wajen saran itace. Quorra ya kafe a kan yashi na tsawon watanni. Cinikin hauren giwa da aka sa rai bai samu ba. Mafi muni shi ne zazzaɓin cizon sauro: cikin Turawa 48 da suka shiga tafiyar, tara kaɗai suka rayu. Abubakar Pasko ma a wannan tafiya ya rasu. Duk da haka, a 1833 Lander ya shiga Binuwai da Albarka, sannan ya hauro Kwara har Raba a ƙasar Nufe. Nan ne iyakarsa, bai sake ganin Yauri ba.

A Janairun 1834, yana haurowa da kaya cikin ƙaramin jirgi, aka buɗe musu wuta a Angiama da ke yankin Neja Delta, harsashi ya same shi. An kai shi tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, inda ya mutu ranar 6 ga Fabrairu, saura kwana biyu ya cika shekara 30.

Abin da ya biyo baya

Laird bai haƙura ba. A 1854 ya tura jirgin Pleiad ƙarƙashin Dokta William Baikie, wanda ya sa ma'aikata shan kwinin kullum, aka je aka dawo babu wanda ya mutu. Haɗuwar jirgin ƙarfe, injin tururi da kwinin ita ce ta buɗe wa Turawa kogin. Ta wannan hanya kamfanin Royal Niger ya kafu, ta nan kuma bindigogin da suka ci Arewa suka shigo. Shi ya sa ake kallon Lander ta fuska biyu: a Truro an gina masa hasumiya, a nan kuwa tafiyarsa na cikin abubuwan da suka share wa mulkin mallaka fage.

Duwatsun Jebba da Busa sun ci gaba da tare manyan jirage. A 1857 jirgin Dayspring ya fashe a Jebba. Sai da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968 ruwa ya rufe duwatsun Busa tare da tsohon garin, aka tashi dubban mutane, har da Gungawan Yauri da suka bar tsibiransu.

A yau tafkin ya zama babbar hanya ga mutanen Yauri, Ngaski da Shanga, amma yawancin jiragen da ke kai su kasuwa na katako ne da aka ɗaura wa inji, ga kuma kututturan itatuwa da ruwa ya rufe. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa. Fiye da shekara 190 bayan jirgin ƙarfe ya fara shiga Kwara, masu zirga-zirga a wannan yanki har yanzu suna jiran jirage masu ƙwari, rigunan kariya, da alamomin da za su nuna wa matuƙi inda hatsari yake.