Tarihin Benaiya ɗan Yehoyada, shugaban dogaran Sarki Dawuda

A filinmu na tarihin magabata yau za mu leƙa ƙasar Isra'ila ta wajen shekaru 1000 kafin haihuwar Almasihu. Mu mutanen Kurfai, inda sunan Mayaƙi ya zama sunan gidan sarauta a Filinge, ba sai an gaya mana darajar baraden sarki ba. Littafi Mai Tsarki na Kirista ya jera sunayen jarumawa 37 na Sarki Dawuda, to a cikinsu mun zaɓi Benaiya.

Mutumin Kabzeyel ne, wani gari a kudancin Yahuza kusa da iyakar Edom, mahaifinsa Yehoyada kuwa babban firist ne. Ya kashe gwaraza biyu na Mowab. Wata rana da ake dusar ƙanƙara ya sauka cikin rami ya kashe zaki. Amma abin da ya fi fito da sunansa shi ne karonsa da wani Bamasare mai tsawon kamu 5. Mata masu sayar da yadi sun san kamu, sai su auna su gani, ya zarce mita 2. Mutumin yana riƙe da mashi mai kauri kamar sandar masaƙa, Benaiya kuwa kulki kaɗai gare shi. Ya fizge mashin, ya kashe shi da kayansa.

Duk da haka bai kai matsayin manyan jarumawa uku na farko ba, an dai ce ya fi sauran talatin ɗin suna. Masu wa'azin Kirista suna yawan tsayawa a nan, domin an ga yadda kishi ya sa Yowab, babban hafsan sojoji, ya kashe Abner da Amasa, alhali Benaiya ya riƙe gurbin da aka ba shi. Dawuda ya ɗora shi a kan dogaransa, Keretiyawa da Feletiyawa, aka kuma ba shi runduna mai mutum 24,000 da ke aiki a wata na uku na shekara.

Ranar gwajinsa ta zo ne da Dawuda ya tsufa yana kwance. Ɗansa Adonija ya yi yanka, ya tara jama'a, ya ce shi ne sarki. Yowab ya bi shi, firist Abiyata ma haka. Duk mai lissafi irin na kasuwa a ranar zai ce riba tana wajen Adonija. Benaiya bai je ba, ba a ma gayyace shi ba, don an san inda ya tsaya. Da Dawuda ya ba da umurni, shi da firist Zadok da annabi Natan suka ɗora Sulemanu a kan alfadarin sarki, suka kai shi maɓuɓɓugar Gihon aka shafa masa man sarauta, wajen shekara ta 970 kafin haihuwar Almasihu. A ganinmu wannan ya fi kashe zaki wuya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwanciya ciwo ya bar wa yaronsa shago da littafin bashi ya san abin da muke nufi, kuma darasin da Kirista suka fi ɗauka ke nan, riƙon amanar maigida lokacin da ƙarfinsa ya ƙare.

Sai dai ƙarshen labarin akwai jini. Benaiya ne Sulemanu ya aika ya kashe Adonija. Da Yowab ya ji, sai ya gudu cikin alfarwar ibada ya kama ƙahonin bagade. Benaiya ya kira shi ya fito, ya ƙi. Bai far masa nan take ba, ya koma wurin sarki ya shaida masa, sai da aka maimaita masa umurnin sannan ya shiga ya kashe tsohon abokin yaƙinsa. Shi ya sa malaman ikilisiya da dama ke jan kunne cewa biyayya ga ɗan Adam tana da iyaka, kuma Linjila ba ta koyar da ramuwa da takobi ba.

Bayan haka Sulemanu ya naɗa shi babban hafsan sojoji a gurbin Yowab. Bayan shekaru 3 kuma aka sake aikensa a kan Shimai, wanda ya karya rantsuwarsa ta zama cikin Urushalima, ya tafi Gat neman bayinsa biyu da suka gudu.