Taƙaitaccen Tarihin Rayuwar Likita Hector Garcia (1914–1996)

Mutanen da a ke kira Latino a ƙasar Amurka su ne waɗanda asalinsu ya fito daga Meksiko da sauran ƙasashen da ke kudu da ita, masu magana da Sifaniyanci. Waɗansunsu baƙi ne da suka tsallako iyaka neman abinci, waɗansu kuwa iyakar ce ta tsallake kakanninsu, domin Teksas da Kalifoniya da maƙwabtansu duk ƙasar Meksiko ce a da, kafin yarjejeniyar 1848 ta tabbatar wa Amurka da su bayan yaƙi. Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu kawo wa mai karatu tarihin wani likita daga cikinsu, wanda ya yi kusan shekara 50 yana jayayya da hukuma a kan haƙƙin mutanensa.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Hector Perez Garcia ran 17 ga Janairu, 1914, a garin Llera na jihar Tamaulipas ta Meksiko. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duk malaman makaranta ne. A 1917 yaƙin juyin mulkin Meksiko ya tilasta musu yin ƙaura, suka haye kogin Rio Grande suka zauna a garin Mercedes a kudancin Teksas. Ba lokacin daɗi suka zo ba, gama a shekarun nan ne 'yan sandan jihar da masu gonaki suka riƙa kashe mutanen Meksiko a bakin iyaka bisa zargin fashi, ba shari'a ba bincike. Takardun malanta na uban ba su yi masa rana a sabuwar ƙasa ba, sai ya kama kanti, da dare kuma ya tara 'ya'yansa yana koya musu karatu. Wannan naci bai faɗi ƙasa banza ba, don shida daga cikin 'ya'yan gidan sun zama likitoci.

Hector ya gama Jami'ar Teksas a 1936, sa'an nan ya shiga makarantar likitoci ta Galveston, ya fito a 1940. Da ya nemi asibitin da zai yi aikin sanin makama a Teksas, sai ƙofofi suka rufe. Sai da ya dangana da birnin Omaha na jihar Nebraska kafin ya sami wurin da aka karɓe shi. A 1942 ya shiga soja, ya yi yaƙi a Afirka ta Arewa da Italiya, ya kai muƙamin manjo, ya sami lambar yabo. A can Italiya ya auri wata budurwa 'yar birnin Naples mai suna Wanda, a 1945.

Kafa Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji

A 1946 ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a birnin Corpus Christi. Yawancin masu zuwa wurinsa 'yan ƙodagon auduga ne da tsofaffin sojoji, kuma wanda ba shi da abin biya ba a korarsa. A nan idonsa ya buɗe sosai. Ya ga tarin fuka da gudawar jarirai suna cin mutane a unguwannin da ba famfo ba magudanar ruwa. Ya ga 'ya'yan Meksikawa an ware musu makarantu na dabam, wai don ba su jin Turanci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne halin sojojin da suka dawo. Dokar 1944 ta yi wa kowane tsohon soja alkawarin magani da kuɗin karatu da rancen gida, amma in takardar mai sunan Sifaniyanci ta shiga ofis sai ta yi wata da watanni ba labari.

Ran 26 ga Maris, 1948, ya tara tsofaffin sojoji wajen 700 a wata makarantar firamare, suka kafa ƙungiyar American GI Forum. Akwai hikima a sunan: babu kalmar Meksiko a ciki, kuma da tutar Amurka da rantsuwar biyayya a ke buɗe kowane taro. Dabarar likitan ita ce ya toshe bakin duk mai son ya kira su baƙi ko 'yan gurguzu, a zamanin da wannan zargi kaɗai ya isa ya rusa mutum.

Gawar Felix Longoria

Abin da ya fito da sunansa duniya ya faru ne a Janairu 1949. Wani soja mai suna Felix Longoria, ɗan garin Three Rivers, an kashe shi a fagen fama a tsibiran Filifin a 1945, sai bayan shekara uku da ɗoriya aka shirya dawo da gawarsa gida. Matarsa ta je gidan shirya jana'iza, wanda shi kaɗai ne a garin, tana neman a ba ta zauren da a ke ajiye gawa don dangi su yi ban-kwana. Aka hana ta, bisa hujjar cewa Turawan garin ba za su so ba. Ita kanta maƙabartar garin an raba ta biyu da waya, Meksikawa gefe guda.

Da labari ya iske Garcia, sai ya buga wa mai gidan waya da kansa, ya ji amsa iri ɗaya. Nan take ya aika da telegiram ga manyan ƙasa, ya kuma kira taron da ya tara mutum fiye da 1,000. Wanda ya amsa da sauri shi ne Lyndon Johnson, sabon sanata daga Teksas, wanda ya shirya aka binne Longoria ran 16 ga Fabrairu, 1949, a maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da Washington. Mai gidan jana'izar daga baya ya musanta cewa wariya ce, ya ce rashin jituwar dangi ya guje wa, har majalisar jihar ta naɗa kwamiti wanda mafi yawan wakilansa suka wanke shi. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jaridun Amurka da na Meksiko sun ɗauki maganar, rassan ƙungiyar kuma suka yi ta tsirowa a jihohi. Tun daga ranar aka ƙulla zumunci tsakanin likitan da Johnson, zumuncin da kowannensu ya san abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa.

A Gaban Shari'a

Ƙungiyar ta haɗa kai da takwararta LULAC wajen tara kuɗin ƙararraki. Mafi girmansu ita ce shari'ar Pete Hernandez, wani ɗan ƙodago da aka ɗaure bisa laifin kisa a gundumar Jackson. Lauyoyinsa, Gus Garcia da Carlos Cadena, ba su ce bai yi ba. Abin da suka nuna shi ne, a cikin shekara 25 ba a taɓa zaɓen ko mutum ɗaya mai sunan Sifaniyanci cikin masu taya alƙali yanke hukunci ba, alhali kuwa kashi 14 cikin 100 na mutanen gundumar su ne. Gwamnatin Teksas ta kawo wata hujja mai ban mamaki, wai ai a doka Meksikawa farar fata ne, saboda haka in farare suka yi musu shari'a 'yan'uwansu ne suka yi. Watau farare ne a takarda, amma a kotun da aka yi shari'ar ma bayan gidansu dabam ne. Ran 3 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta rushe hukuncin. Aka sake shari'a, aka sake samun Hernandez da laifi.

Rashin Aiki da Maganar Baƙi

A nan ne tarihin Garcia ya ke da ƙulli, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A 1942 Amurka da Meksiko suka ƙulla shirin Bracero na shigo da 'yan ci-rani su yi aikin gona, shirin da bai ƙare ba sai 1964, bayan an sa hannu a kan kwantiragi fiye da miliyan huɗu. A shekarun farko Meksiko ta hana a kai mutanenta Teksas saboda wulakancin da a ke yi musu, sai manoman jihar suka koma ga masu tsallako kogi ba takarda, waɗanda za su karɓi ko nawa aka ba su don ba su da inda za su kai ƙara. Sakamakon haka lada ya faɗi warwas, 'yan ƙasa masu asalin Meksiko suka rasa aiki a garuruwansu, suka riƙa kwasar iyali a manyan motoci zuwa jihohin arewa tsintar amfanin gona, yara na barin makaranta tun kafin hutu.

Garcia ya ɗauka maganin wannan shi ne a tsare iyaka. A 1953 ƙungiyarsa da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙodago ta Teksas suka fitar da rahoto a kan illar aikin marasa takarda, kuma a 1954 ƙungiyar ta goyi bayan samamen da gwamnatin tarayya ta yi na korar dubban ɗaruruwan mutane. A ganina ya gane cutar daidai, gama masu gonaki ne ke cin ribar talaucin ɓangarorin biyu, amma ya yi kuskuren magani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: jami'in da ke tare mota a hanya fuska ya ke dubawa kafin takarda, don haka 'yan ƙasa ma sun sha tsangwama, iyalai suka rabu. Ga shi kuwa shi kansa likitan da ƙafar baƙunta ya shigo. Samarin da suka taso a ƙarshen shekarun 1960 da sunan Chicano sun riƙe wa dattawan wannan abu, suna ganinsu masu lallaɓa hukuma. A shekarun 1970 ƙungiyar ta sassauto, ta fara kare haƙƙin baƙin. Ta fuskar aikin yi kuwa, ita da LULAC sun kafa shirin SER a tsakiyar shekarun 1960 don koyar da sana'a da nema wa mutane aiki.

Shekarunsa na Ƙarshe

A zaɓen 1960 yana cikin jagororin ƙungiyoyin Viva Kennedy, waɗanda suka taimaka wa Kennedy ya ci Teksas da ƙyar, ko da yake muƙaman da aka sa rai ba su samu ba. Johnson ne ya biya bashi: a 1967 ya sa shi cikin wakilan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya yi jawabi da Sifaniyanci, a 1968 kuma ya naɗa shi cikin Hukumar Kare Haƙƙin 'Yan Ƙasa, Ba'amurke na farko mai asalin Meksiko da ya hau wannan kujera. Girman bai zaunar da shi ba. A 1972, yana da shekara 58, 'yan sanda suka kama shi a ofishin hukumar ilmi ta Corpus Christi, inda ya yi zaman dirshan saboda jan ƙafa wajen haɗe makarantu bayan hukuncin kotu na 1970. A 1984 Shugaba Reagan ya ba shi lambar girma mafi daraja da a ke ba farar hula a ƙasar.

Da tsufa ya kama shi sai ya mai da hankali ga unguwannin bakin iyaka da a ke kira colonias, inda aka sayar wa talakawa filaye ba ruwa, ba hanya, ba magudana, yana kai 'yan jarida da 'yan majalisa su gani da idonsu. Ciwon daji da na zuciya suka ci ƙarfinsa, ya rasu a Corpus Christi ran 26 ga Yuli, 1996, yana da shekara 82. Jihar Teksas ta keɓe Laraba ta uku ta watan Satumba a kowace shekara don tunawa da shi.