Nana Asma'u: Malamar da ta Riƙa Koyar da Malamai

Gabatarwa

A yau, idan malamin makaranta ya kammala kwalejin horon malamai ya kama aiki, akan riƙa kiransa bita da tarukan ƙara wa juna sani lokaci-lokaci, domin kada iliminsa ya tsaya a inda takardar shaidarsa ta tsaya. Da yawa suna ɗaukar wannan tsari a matsayin baƙon abu da ya zo tare da boko. Amma tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna cewa an yi irinsa a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗagel a shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka sauran matan Shehu ne suka rene ta. Ta tashi a gidan da ake karantar da mata kamar yadda ake karantar da maza, ta sauke Alƙur'ani, ta yi zurfi a fannonin addini. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta yi rubutu da dukkan ukun. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta ga wahalhalun yaƙi da yunwa da idonta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Matsalar da ta Tarar

Bayan kafuwar daular Sakkwato, akwai ɗimbin mata a ƙauyuka da ba su da ilimin addini, wasunsu kamammun yaƙi ne, wasu kuma sun saba da bori. Matar aure mai ƙananan yara ba ta da halin barin gidanta ta tafi birni neman karatu, ita kuma Asma'u ba za ta iya zagaya kowane ƙauye ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dabarar da ta yi ita ce ta samar da malamai mata waɗanda za su kai karatun har cikin gidaje. Wannan shi ne asalin ƙungiyar 'Yan Taru, wadda ta kafa a wajejen shekarun 1830.

Yadda ta Horar da Jajoji

Kowace tawaga ta 'Yan Taru tana da shugaba da ake kira jaji, sunan da aka sani a wurin fatake ga mai jagorantar ayari. Asma'u takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana, ta naɗa ta da malfa da jan rawani. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Da aka ɗora ta a kan malama, sai matan karkara suka ga alamar girma da suka sani ta koma hannun masu ilimi.

Abin lura a nan shi ne, naɗin ba shi ne ƙarshen karatun jaji ba. Takan taso daga garinsu da tawagar tsofaffin mata da 'yammata waɗanda ba a yi wa aure ba, su tako har wurin Asma'u, su zauna su ɗauki sabon darasi, sannan su koma gida su koyar da matan da ba su samu zuwa ba. Bayan wani lokaci sai su sake dawowa. A irin wannan zuwa ne jaji take maimaita abin da ta haddace a gyara mata, ta kawo tambayoyin da matan garinsu suka yi mata, ta kuma ƙaro abin da za ta koyar nan gaba. Sukan zo da sadaka, Asma'u kuma ta raba wa mabuƙata. Ke nan malamar ƙauye ba ta taɓa yanke alaƙa da malamarta ba.

Kayan Koyarwa

Asma'u ta san yawancin ɗalibanta ba su iya karanta Larabci ba, kuma littafin hannu yana da wuyar samu. Saboda haka ta mayar da darussa waƙoƙi, domin waƙa tana da sauƙin haddacewa, kuma mace na iya rera ta tana daka ko kaɗi. Ta tsara waƙar da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baitoci kaɗan. Ta yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta kawo mata salihai domin a yi koyi da su. Akwai kuma Waƙar Gewaye a kan tarihin jihadi, wadda ta rubuta da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa. Ga ɗalibin harshe, wannan darasi ne babba: ta zaɓi harshen da mai koyo yake ji, ta kuma ɗauki fassara a matsayin aikin malanta.

Ba ta raina malamanta na karkara ba. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo.

Rasuwarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta a Sakkwato kusa da kabarin mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorantar 'Yan Taru, kuma aikin bai mutu ba ko bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Rubuce-rubucenta kimanin 60 sun tsira, da yawansu a hannun zuriyarta, musamman Waziri Junaidu. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su a littafi guda tare da fassara.

Kammalawa

Da yawa daga cikin ɗaliban Hausa aji ne zai karɓe su bayan sun gama jami'a. Yana da kyau su tuna cewa tsarin Asma'u ya ɗore ne saboda jajojinta ba su daina komawa ɗaukar karatu ba, kuma ita ma ba ta daina shirya musu sabon darasi ba. Masu ɗaukar malamai aiki su ma akwai abin koyi gare su: a samar wa malami wurin da zai koma ya yi tambaya, a ba shi kayan aiki da harshen ɗalibansa, a kuma girmama shi. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya saka mata da alheri, amin.