Mathieu Orfila: Likitan Da Ya Koya Wa Duniya Yadda Ake Gano Guba A Jikin Mutum

Shekara uku ke nan, da damina, muka wayi gari da salati a gidan da nake haya a Agege. Wani maƙwabcinmu ɗan kasuwar gwari da amaryarsa ba su fito ba har rana ta ɗaga. Da aka ɓalle ƙofa sai ga su kwance ba sa motsi, ga amai a gefen katifa. Kafin a samo mota mutanen gida sun riga sun yanke hukunci, wai uwargida ce, tunda ita ta aika musu da kunun gyaɗa da daddare. Wata har ta ɗauko manja za ta ɗura musu.

A asibiti, likitan da ke sashen gaggawa bai kula da maganar kishiya ba. Abin da ya tambaya shi ne wa da wa suka sha kunun, a ina kowa ya kwana, kuma a ina aka ajiye janareta. Ashe yara huɗu sun sha kunun nan, sun kwana a ɗakin uwarsu lafiya lau. Janareta kuwa an shigo da shi baranda saboda ruwan sama da ɓarayi, yana ta aiki a jikin tagar amarya. Iskar da ke cikin hayaƙinsa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ta bugar da su. Aka sa musu iskar oksijin, Allah Ya tashi kafaɗunsu. Uwargida kuwa har yau akwai waɗanda ba ta gaisawa da su, kuma ban ga laifinta ba.

Da nake ba ƙanwata labarin, ita ma'aikaciyar jinya ce, sai ta ce irin tambayoyin nan suna da asali, ta ambaci wani likita da aka koya musu a makaranta, Mathieu Orfila. Na bi diddigin rayuwarsa, na ga ya dace in kawo wa 'yan uwa mazauna Kudu.

An haife shi ranar 24 ga Afrilun 1787 a garin Mahon da ke tsibirin Minoka na ƙasar Sifaniya. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai harkar jiragen ruwa, ya so ɗansa ya gaje shi, har ya tura shi tafiyar teku zuwa Masar yana da shekara 15. Yaron ya dawo da tabbacin cewa ba nan abincinsa yake ba. Ya karanta likitanci a Balansiya, ya wuce Basalona, inda hukumar 'yan kasuwar birnin ta ba shi tallafin ƙaro karatun kimiyyar sinadarai. Da wannan kuɗin ya isa birnin Paris a 1807.

Shekara ɗaya da zuwansa yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Sifaniya. Tallafi ya yanke, aka kuma shiga kamen 'yan Sifaniya da ke Paris, har da shi. Malaminsa Vauquelin, babban masanin sinadarai, shi ya tsaya masa aka sake shi. Duk wanda ya zauna a garin da ba nasu ba, rikici ya tashi a wani wuri aka fara yi masa kallon bare, ya san irin wannan hali. Orfila bai koma gida ba. Ya shiga koyar da ɗalibai kimiyya yana samun na abinci, ya kammala digirin likita a 1811 da bincike kan fitsarin masu ciwon shawara.

A wajen koyarwar nan ne abin da ya juya rayuwarsa ya faru, a 1813. Yana nuna wa ɗalibai yadda ake gano asenik, wata farar hoda mai kisa da ake sayarwa a matsayin maganin ɓera. Littattafai sun ce in an ɗiga wasu sinadarai a ruwan da ke da asenik, wani launi zai bayyana. A ruwa zalla abin ya yi. Da ya zuba gubar a cikin kofi ya maimaita, sai launin ya ƙi fitowa yadda aka rubuta. Nan ya gane cewa hanyoyin da likitoci da kotuna suka dogara da su ba sa aiki idan guba ta gauraya da abinci, da miya, da jini, da abin da ke cikin tumbi. To ai kuwa ba wanda ke ba mutum guba a ruwa zalla.

A zamanin, asenik ya addabi Turai. Ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, ga araha, alamominsa kuma amai ne da gudawa da murɗar ciki da ƙishirwa, kamar dai kwalara. Faransawa har suna yi masa laƙabi da hodar cin gado. Mai laifi na iya tsira, marar laifi kuma na iya hallaka a kan zato kawai.

Orfila ya duƙufa gwaji. Ya yi amfani da karnuka masu ɗimbin yawa, yana ba su guba iri-iri, yana rubuta lokacin da alama ta fara, da yadda ta ci gaba, da abin da ya gani a cikin jikinsu bayan sun mutu. Abu ne marar daɗin ji, amma daga nan ya fitar da babban littafinsa kan guba a 1814 da 1815, yana ɗan shekara 27. Aka fassara shi zuwa Turanci da Jamusanci da wasu harsuna, shi ya sa ake kiran Orfila uban ilmin guba na zamani. Tsarinsa shi ne kada a yanke hukunci da hujja guda. A duba alamomin da majinyaci ya nuna, a duba abin da gubar ta yi wa jiki, sannan a gwada amai da ragowar abinci da sinadarai, sai an ga sun yi daidai da juna. Daga baya ya nuna cewa guba ba a tumbi kaɗai take tsayawa ba, tana shiga jini ta isa hanta da saifa da ƙoda, tana fita a fitsari, don haka ko an amayar da komai ana iya samunta a can.

Aikinsa da ya fi burge ni shi ne wani ƙaramin littafi na 1818, kan taimakon gaggawa ga wanda ya sha guba ko numfashinsa ya sarƙe. A ciki akwai batun hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki, wanda shi ne dai iskar da ta kusa kashe maƙwabtanmu. Akwai yadda ake gane giyar da aka yi wa algus, da yadda ake bambanta wanda ya mutu da wanda ya yi doguwar suma. Ya gwada magungunan karya guba da mutane suka gada, ya ga da yawansu ba sa komai, ya kuma nuna cewa farin ƙwai na rage kaifin wata guba da ake haɗawa da zaiba.

Daga nan ɗaukaka ta zo. Ya zama ɗaya daga cikin likitocin Sarki Louis na 18, ya karɓi takardar zama ɗan Faransa, ya zama farfesa a 1819, sannan shugaban tsangayar likitanci ta Paris daga 1831. Yana da murya, ya iya waƙa, gidansa da matarsa ya zama matattarar manyan gari.

Shari'ar da ta fitar da sunansa ko'ina ita ce ta Marie Lafarge a 1840. Matashiya ce 'yar shekara 24 da aka aurar wa wani mai maƙerar ƙarfe, Charles Lafarge, wanda ya yi ƙaryar arziki. Ya ci wani kek da aka aika masa daga gida yana Paris, ya kama amai da gudawa, ya koma gida jikin ya ƙara rikicewa, ya mutu a tsakiyar Janairu. Likitan farko ya ɗauka ciwon ciki ne irin na kwalara. Sai dangin miji suka lura matar ta sayi asenik, ta ce na ɓera ne.

Masanan yankin suka yi gwaji da tsohuwar hanya suka ce akwai guba a cikin mamacin. Lauyan Marie ya nemi ra'ayin Orfila, shi kuma ya rubuto cewa gwajin cike yake da kurakurai. Kotun garin Tulle ta sa wasu masanan su yi amfani da sabuwar hanyar da wani Bature ɗan Ingila, James Marsh, ya fito da ita a 1836. Ana haɗa abin da ake zargi da ƙarfen zink da ruwan asid, iskar da ta fito a kunna mata wuta a kara farantin tangaran mai sanyi, in akwai asenik sai ya bar baƙin tabo mai sheƙi. Suka gwada ba su ga komai ba. Aka tono gawar, nan ma babu. Sai kotu ta kira Orfila da kansa. Ya yi aikin a gaban waɗancan masana, ya sami asenik ɗan mitsitsi a jikin mamacin, ya ce ba daga kayan gwajin ya fito ba, ba kuma daga ƙasar kabari ba. Mutumin da masu kare ta suka fara jingina da shi, shi ne ya kawo hujjar da ta ɗaure ta. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai a watan Satumba.

Maganar ba ta mutu a nan ba. Wani masani, Raspail, ya iso Tulle bayan an gama shari'a, ya yi ta sukar Orfila cewa bai kamata a rataya ran mutum a kan ɗan tabon da ke jikin faranti ba. Kuma Orfila ba ma'asumi ba ne. Gabanin haka ya taɓa sanar da cewa ya gano asenik a ƙasusuwan mutanen da ba wanda ya ba su guba, amma a 1841 kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Faransa ya maimaita gwajin bai samu ba, shi ma ya kasa sake fitar da shi, dole ya bar maganar. Marie ta ci gaba da cewa ba ta aikata ba har aka sake ta a 1852 tana fama da tarin fuka, ta mutu cikin shekarar. Har yau Faransawa na muhawara a kanta.

Juyin juya halin 1848 ya raba Orfila da kujerarsa ta shugaban tsangaya, saboda ana ganinsa na hannun daman gwamnatin sarkin da aka tumɓuke. Ya ci gaba da koyarwa, ya ba da kyautar dukiya mai yawa ga cibiyoyin ilmi, ya mutu da ciwon nimoniya ranar 12 ga Maris 1853 yana da shekara 65.

Abin da ya yi fama da shi bai bar mu ba. A Afrilun 2015 a Ode-Irele ta jihar Ondo, mutane suka riƙa kamuwa da ciwon kai, ido ya rufe, su mutu cikin kwana guda. Aƙalla 18 suka rasu, aka yi ta cewa fushin abin bauta ne, sai gwaji ya nuna sinadarin metanol ne a cikin ogogoro. A Zamfara a 2010, yara sun yi ta mutuwa da jijjiga ana zaton zazzaɓi ne, har gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje.

Don haka idan irin wannan ta faru a gidajenmu na haya, Allah Ya kiyaye, a fitar da mutum inda iska take, a garzaya asibiti. A tafi da kwalbar ko ledar abin da ake zargi, da ragowar abincin, a riƙe lokacin da abin ya fara da sunayen duk waɗanda suka ci. Kada a ɗura manja ko madara, kada a tilasta amai, musamman in kananzir ne ko soda ko maganin ƙwari, domin yana iya sauka a huhu ko ya sake ƙona maƙogwaro. Janareta kuma ya kwana a waje, nesa da taga. Maganar wane ne ya yi, a bari sai likita ya faɗi mene ne, domin zato zunubi ne, kuma na ga abin da ya yi wa uwargidan maƙwabcina da idona.