Ibn Battuta

Muhammad ibn Abdullahi ibn Battuta (an haife shi ranar 24 ga Fabrairu, 1304, ya rasu a 1368 ko 1369) malamin fiƙihu ne kuma matafiyi ɗan ƙasar Maroko. Ya shafe kusan shekara 30 yana yawon duniya, daga Makka zuwa Indiya da Sin, har zuwa Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Littafinsa, wanda aka fi sani da Rihla, yana cikin muhimman bayanai kan rayuwar biranen Musulmi da maƙwabtansu a ƙarni na 14.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Tanja, a gidan alƙalai masu bin mazhabar Malikiyya. Ya bar gida a 1325 da niyyar aikin Hajji yana ɗan shekara 21. Bayan ya sauke farali sai ya zarce Iraƙi, Farisa, gaɓar Afirka ta Gabas da Anatoliya. Daga baya ya isa Delhi, inda Sultan Muhammad ibn Tughluq ya naɗa shi alƙali.

Tafiya zuwa Sin

Sarkin Delhi ya tura shi jakada zuwa Sin, amma jirgin da ke ɗauke da kyaututtukan ya nutse a Kalikut. Ya ƙi komawa Delhi don tsoron fushin sarki, ya yi alƙalanci a tsibiran Maldibs, sannan ya isa tashar Zaitun (Quanzhou ta yau) a 1345, zamanin daular Yuan ta Mongol.

Ya ba da labarin kuɗin takarda mai hatimin sarki, da siliki mai araha, da tangaran da ake fitarwa zuwa Indiya da Yaman. Ya yi mamakin girman kajin ƙasar, ya kuma lura ana sayar da naman alade da na kare a kasuwa. Musulmi suna da unguwanninsu da masallatai da alƙalinsu, kuma a can baƙo Musulmi yake samun masauki da abincin halal. A masaukan kan hanya, jami'i yakan rubuta sunayen baƙi da dare ya kulle ƙofa, da safe ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya sa ya yabi tsaron matafiya a ƙasar.

Ya ziyarci Guangzhou da Hangzhou, wanda ya ɗauka shi ne birni mafi girma da ya taɓa gani. A Hangzhou wani hakimi ya shirya masa walima, ya kawo Musulmi suka yi yanka suka dafa. Duk da haka zaman Sin bai kwanta masa ba, domin yawancin mutanen ba Musulmi ba ne. Masana tarihi da yawa suna shakkar ko ya kai Beijing kamar yadda littafin ya nuna.

Afirka ta Yamma

Ya koma Maroko a 1349. A 1352 ya ƙetare Sahara ta Sijilmasa da Taghaza da Walata zuwa Mali, zamanin Mansa Sulaiman. Ya bi ta Timbuktu da Gao ya isa Takedda a 1353. A nan ya bayyana yadda ake narka tagulla a yi sanduna da ake ciniki da su kamar kuɗi, ana kai su Barno da wata ƙasa mai suna Kubar, wadda masana da dama suke ganin Gobir ce. Wannan na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci wata ƙasar Hausa.

Littafinsa da rasuwarsa

Sultan Abu Inan na Fas ya umarci marubuci Ibn Juzayy ya rubuta labarin daga bakinsa, aka kammala a 1355. Ibn Battuta ya ƙare rayuwarsa a Maroko. Filin jirgin saman Tanja yana ɗauke da sunansa.