Dale Earnhardt: Direban da mutuwarsa ta sauya fasalin motocin tsere a Amurka

A wannan makon filin namu na tarihin fitattun mutane zai tsallaka teku ne zuwa Amurka, domin kawo wa mai karatu tarihin wani direba mai suna Dale Earnhardt, wanda ya yi tashe a gasar tseren motoci da ake kira NASCAR. A Nima da Maamobi da sauran unguwannin Zango na birnin Ankara ƙwallon ƙafa da dambe ne suka fi ɗaukar hankalin matasa, to amma duk mai hulɗa da mota, direba ne ko fita, ko ɗan kasuwar da ke loda kaya daga Aflao ko Paga, zai ga abin da ya shafe shi a labarin mutumin nan.

Ita dai wannan gasa ta samo asali ne a jihohin kudancin Amurka, inda wasu daga cikin direbobinta na farko 'yan fasa-ƙwaurin barasa ne, masu ƙara wa injin motarsu ƙarfi don su tsere wa jami'an haraji da daddare. A shekarar 1948 wani bakanike mai suna Bill France ya haɗa kansu a garin Daytona Beach, aka kafa hukuma, kuma sharaɗin babbar gasar da aka fara a 1949 shi ne a yi tsere da irin motar da kowa zai iya shiga shago ya saya. Wannan sharaɗi shi ne ya jawo 'yan kallo. Mai Ford a gida yana bayan Ford, mai Chevrolet yana bayan Chevrolet, kamfanonin kuma suka lura cewa motar da ta ci tsere ranar Lahadi ita ake tambaya a shago ranar Litinin.

An haifi Ralph Dale Earnhardt ne a ranar 29 ga Afrilun 1951 a Kannapolis, wani gari na ma'aikatan masaƙa a jihar North Carolina. Mahaifinsa Ralph ya yi aiki a masaƙar kafin ya bar ta ya rungumi tsere, yana gyara motarsa da kansa a garejin bayan gida, har ya zama zakaran wani rukuni na NASCAR a 1956. A wannan gareji Dale ya tashi. Karatu bai shiga kansa ba, ya ajiye makaranta yana aji tara, abin da ya ɓata wa iyayensa rai matuƙa, kuma shi ma da ya girma bai ɓoye nadamarsa a kai ba. Ya yi aikin walda da gyaran mota, abin da ya samu kuma ya zuba shi a tsere a ƙananan filaye na turɓaya. A 1973 mahaifin ya mutu da ciwon zuciya yana ɗan shekara 45, ya bar Dale mai shekara 22 da iyali da talauci. Akan ba da labarin yadda yake cin bashi ya sayi taya a tsakiyar mako, da fatan ya ci kuɗin tsere a ƙarshen mako ya biya. Aurensa na fari da na biyu duk sun mutu a cikin waɗannan shekaru na wahala.

Ya fara shiga babbar gasa a 1975 a filin Charlotte, inda ya zo na 22. Sai a 1979 ya sami mota ta dindindin a wajen wani attajiri, Rod Osterlund, ya ci tserensa na farko a Bristol, aka zaɓe shi gwarzon sababbin direbobi, shekarar da ta biyo baya kuma ya ɗauke kofin gasar gaba ɗaya. Daga 1984 ya zauna da Richard Childress, yana jan Chevrolet mai lamba 3, kuma ba su rabu ba har ƙarshen rayuwarsa. Tare suka ƙara kofi shida, a 1986 da 1987 da 1990 da 1991 da 1993 da 1994, ya zama yana da bakwai, daidai da Richard Petty da ake wa laƙabi da Sarki. Jimillar tseren da ya ci a babbar gasa 76 ne.

Amma yadda yake tuƙi ya fi waɗannan alƙaluma sa a san shi. Idan ya zo bayan mutum sai ya manna hancin motarsa a bambar ta gaba, ko dai a ba shi hanya ko ya ɗan taɓa ta ta juya. Daga 1988 aka yi wa motarsa baƙin fenti, ga gashin baki, ga baƙin tabarau, ga kuma laƙabin da ke nufin mai razanar da abokan hamayya. A 1999 a Bristol ya ture Terry Labonte a zagayen ƙarshe ya ci tseren, jama'a suka yi ta yi masa ihu, shi kuwa ko a jikinsa. Rabin fili na ƙaunarsa, rabi na jin haushinsa, amma ma'aikatan masaƙa da direbobin manyan motoci suna ganinsa a matsayin nasu, talakan da ya fito da guminsa.

Ta fuskar kasuwanci kuwa idonsa a buɗe yake. Shi da matarsa ta uku, Teresa, wadda ya aura a 1982, sun yi wa sunansa da sa hannunsa rajista, ta yadda duk mai buga riga ko hula da sunansa sai ya biya. Ya buɗe shagon sayar da motocin Chevrolet, ya kuma kafa nasa kamfanin tsere. Kuɗin da ya ci a fili kaɗai sun haura dala miliyan 40.

Abu ɗaya ya daɗe yana gagararsa, wato tseren Daytona 500, wanda shi ne mafi daraja a gasar. Zagaye 200 ne a fili mai tsawon kilomita 4, kimanin kilomita 800 ke nan, kusan tafiyar Ankara zuwa Bolgatanga, ana yin ta cikin sa'a uku da 'yan kai. A 1990 yana kan gaba a zagayen ƙarshe tayarsa ta fashe, Derrike Cope ya wuce. Haka ya yi ta kusantar kofin yana kuɓuce masa, sai a karo na 20, a 1998, ya samu. Ranar nan makanikan dukkan ƙungiyoyi suka yi layi a gefen hanya suna miƙa masa hannu.

Shi Earnhardt mutum ne da ba ya son a cika wa direba dokoki. Bayan motar Bobby Allison ta tashi sama ta yaga shingen 'yan kallo a Talladega a 1987, hukuma ta tilasta a sa wani faranti da ke rage iskar da ke shiga inji a manyan filaye biyu, Daytona da Talladega. Gudu ya ragu, amma motoci suka koma tafiya a cunkushe kamar garken tumaki. Earnhardt ya yi ta sukar wannan tsari, alhali babu wanda ya kai shi iya shi, domin sau 10 ya ci babban tsere a Talladega, na ƙarshe a Oktobar 2000, inda ya taso daga na 18 zuwa na ɗaya cikin 'yan zagayen ƙarshe. Hular kwanonsa mai buɗaɗɗiyar fuska ce irin ta da, kuma ya ƙi sa na'urar HANS mai riƙe kai da wuya, duk da cewa a shekarar 2000 kaɗai direbobi uku, Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper, sun mutu sanadin karayar gindin ƙoƙon kai.

Ranar 18 ga Fabrairun 2001, a zagayen ƙarshe na Daytona 500, yana na uku. Motoci biyun da ke gabansa na kamfaninsa ne, Michael Waltrip a gaba, ɗansa Dale ƙarami na biye. A kwanar ƙarshe motarsa ta gogi ta Sterling Marlin, ta karkata, ta haɗu da ta Ken Schrader, ta daki bangon siminti da gudun kusan kilomita 250 a sa'a. A talabijin haɗarin bai yi kama da mai muni ba, don an sha ganin motarsa ta wuntsila ya fito da ƙafarsa. Amma jiki ya tsaya a ɗaure, kai ya fizga gaba, irin raunin da ya kashe waɗancan ukun. Ya mutu yana da shekara 49. Marlin ya sha barazanar kisa daga masoyan mamacin, har sai da Dale ƙarami ya fito ya wanke shi. A sauran tseren shekarar, duk zagaye na uku sai 'yan kallo su ɗaga yatsu uku.

Abin da mutuwar mutum uku ba ta yi ba, tasa ta yi. A Oktobar 2001 aka wajabta na'urar riƙe kai da wuya, daga 2002 aka fara lulluɓe bangayen filaye da shinge mai shanye ƙarfin karo, sannan hukuma ta buɗe cibiyar bincike a Concord, inda aka shafe shekaru ana zana sabuwar mota da aka sa wa suna Motar Gobe. Ta fi ta da tsayi da inci 2 da faɗi da inci 4, an matsar da kujerar direba zuwa tsakiya, an cusa soso mai tauri a ƙofofi, an ɗora mata fiffike a baya da wani faranti a ƙasan hanci. Babban abin kuma shi ne bodin ya zama ma'auni ɗaya ga kowa. Chevrolet da Ford da Dodge da Toyota, wadda ta shigo babbar gasa a 2007, kusan babu abin da ya bambanta su a ido sai tambari da hoton fitila da aka liƙa.

A nan 'yan kallo suka tubure. An fara tsere da ita ranar 25 ga Maris na 2007 a Bristol, Kyle Busch ya ci, kuma yana fitowa daga ciki ya kushe ta a gaban kyamara. Masoya suka ce akwati ce, fiffiken ya mai da ita kamar motar wata gasa daban, wuce juna ya yi wuya, sannan mutum ba ya iya nuna motar da ke fili ya ce irin tawa ce. Duk wanda ya taɓa sayen kayan mota a Abossey Okai, aka miƙo masa abu ɗaya cikin kwali uku masu suna daban-daban, ya san irin wannan haushi. A ganina suna da hujja, domin sunan kaya shi ne jarin ɗan kasuwa, kuma gasar da aka gina a kan gardamar Ford da Chevrolet ba ta ji daɗin rasa gardamar ba. Sai dai tun zamanin Earnhardt ɗin ma motar tseren ba ta shago ba ce, ƙarafa ne aka yi wa walda aka lulluɓe da bodi mai kama da Monte Carlo ko Thunderbird. Kamannin ne aka ƙwace musu, kuma da yawa daga masu kukan sanye suke da rigar lamba 3, wato ta mutumin da saboda mutuwarsa aka ƙera motar.

Masu kare ta kuwa suna nuna Michael McDowell, wanda a Afrilun 2008 a Texas ya daki bango gaba da gaba, motar ta yi ta wuntsilawa, ya fito yana ɗaga wa jama'a hannu. Masu suka su ma suka sami abin nunawa a watan Yulin shekarar a Indianapolis, inda tayoyi suka riƙa cinyewa bayan zagaye goma-goma har tseren ya lalace, da kuma yadda motar Carl Edwards ta tashi sama a Talladega a 2009. Kujeru suka fara zama babu kowa, filin Bristol da ya cika maƙil sau 55 a jere ya kasa cika a Maris na 2010, ko da yake karayar tattalin arzikin 2008 ita ma tana da nata kason. A watan ne aka cire fiffiken, a 2013 kuma aka fito da wata motar da ta mayar wa kowane kamfani fuskarsa, Toyota Camry ta koma kama da Camry. A 2022 an sake sabon samfuri, wanda yawancin kayansa kowace ƙungiya daga dillali ɗaya take saye, gardama ta sake tashi.

An sa Earnhardt cikin mutum biyar na farko da aka karrama a zauren gwarazan NASCAR a 2010, akwai kuma mutum-mutuminsa a tsakiyar Kannapolis. Lamba 3 ba ta koma babbar gasa ba sai a 2014, a hannun Austin Dillon, jikan Childress, wanda ya ci Daytona 500 da ita a 2018. Daga ranar da ya mutu zuwa ƙarshen kakar 2024, babu direban da ya sake rasa ransa a haɗarin tsere a manyan rukunan NASCAR guda uku, har da Ryan Newman da motarsa ta kife aka kuma dake ta a ƙarshen Daytona 500 na 2020, wanda ya fita daga asibiti bayan kwana biyu riƙe da hannun 'ya'yansa mata.